Tambayar da Ban Yi wa Baba Ba

Da za a ce in zaɓi abu guda a rayuwata in farke shi, kamar yadda tela ke farke ɗinkin da ya karkace, ba zan zaɓi wata asarar kasuwa ba, ko wata rigima da na yi da mutane ina ganiyar ƙuruciya. Shiru zan zaɓa. Shirun mako uku ne, na yi shi a gaban mahaifina, a shekarar da kuɗi suka cika Kano. Kun taso kuna jin ana cewa ciwon ciki ne ajalin kakanku Malam Sule tela, kuma haka ne, kwana ya ƙare. Amma akwai saura, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san shi. Hannuna ya fara rawa in na riƙe biro, don haka bari in rubuta muku tun ina iyawa. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da yadda zai fito.

Ni ne ɗan fari a gidanmu na Fagge. Ku 'yan yanzu ba lalle ku gane nauyin wannan magana ba. Sunana Lawan, amma har na yi aure ban taɓa jin sunan nan a bakin Baba ko na Inna ba. In Baba yana nemana sai ya ɗaga murya daga shago ya ce wai ina wannan yake, kowa kuma ya san ni ake nufi. Inna kuwa in ta zuba mini tuwo sai ta ajiye a bakin ƙofa, ta faɗa wa iska cewa abinci na hucewa. Ba ƙi ba ne. Malmalata ta fi ta kowa man shanu, rigar sallata ita Baba ke fara yankawa. Kunya ce irin ta mutanen da, kuma ni ma na tashi da ita har ta zama kamar fatar jikina. Duk maganar da ta fi gaisuwa nauyi tsakanina da iyayena, ta bakin Gwaggo Asabe take bi, ƙanwar Baba, wadda ta goye ni, take zaune da mu tun rasuwar mijinta. In ina son abu, Gwaggo zan faɗa wa. In Baba ya ji haushina, Gwaggo ce za ta zo ta ja mini kunne tana dariya. Ƙannena mata biyu suna gidajen mazajensu, ɗaya a Gusau ɗaya a Nguru. Uwarku kuwa a lokacin amarya ce, ko tarin Baba ta ji sai ta durƙusa.

Shekarar da nake ba ku labari, in na tuna ta, sai in ga kamar a mafarki na yi ta. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya fito kasuwa a lokaci guda. Ni da nake da ɗan tebur a ƙofar kantin wani Balarabe, irin waɗanda muke ce wa Kwara, a Kantin Kwari, sai ga ni da rumfata. Atamfa na shigowa da safe, kafin la'asar ta ƙare. Na kan zauna a kan dila in ga rana ta ratso ta ɓular kwano ta sauka a kan turame, ja da shuɗi da ruwan goro, launin ya haska fuskokin mata masu ciniki, har in rasa wace ce mutum wace ce zane. Ko'ina ka juya rediyo na kuka, ko'ina ana sauke siminti, masinjan ofis ya hau sabon babur. Muka ɗauka haka duniya za ta ci gaba da zama. A wannan shekarar na biya wa Gwaggo kujerar Makka. Ranar da na faɗa mata, ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ban san da hannuna nake ɗauke bakin da nake magana da shi ba.

Baba shi kaɗai ne kuɗin nan ba su canza ba, sai ma aiki da suka ƙara masa. Shagonsa a jikin zaurenmu yake. Daga asuba za ka ji keken ɗinkinsa, ka kuma ji na maƙwabta suna amsawa, layin gaba ɗaya yana kaɗawa kamar ruwan sama a kan kwano. Ba ya karya kumallo. Baƙin shayi ne da goro, ya duƙa a kan keke har azahar. In wuyansa ya ƙage ko kansa ya sara, sai ya yage 'yar takardar hodar ciwon kai, ya zazzaga a harshe, ya kora da shayi. Sau uku, sau huɗu a yini. Ya daɗe yana fama da ƙwannafi, da wani zafi a ƙahon zuci da ke taso masa in cikinsa ba komai. Maganinsa jiƙaƙƙiyar kanwa, kullum akwai ta a kwanon sha a ƙarƙashin tebur. In ya kurɓa sai ya yi gyatsa, ya ce alhamdu lillahi, basir ne ya motsa. A wurin mutanenmu na lokacin, kusan duk abin da ya sami ciki basir ne. Ni kuwa da na ga hannuna ya buɗe, na rasa yadda zan nuna wa Baba ƙauna tunda ba a magana, sai na riƙa sayo masa abubuwa. Tsire mai yaji kullum da yamma. Lemon kwalba. Rannan kuma na ga yana aikawa a sayo masa hodar nan ɗai-ɗai, sai na je na ɗauko masa katan guda, na ɗora a kan kantar da ke saman kekensa, na fita ina jin na yi abin kirki.

Baba yana da aboki a Sabon Gari, mutumin gabas, ana ce masa Emeka. Mu Baba Emeka muke ce masa. Tsohon ma'aikacin asibiti ne, daga baya ya buɗe kyamis. A Kano ya girma, Hausarsa ba ta da gargada. Lokacin tashin hankali, da zai gudu gida, Baba ya bar wa makullin shagonsa. Bayan yaƙin basasa ya dawo a rame, Baba ya ciro makullin daga aljihun keke ya miƙa masa, ya ce ya makara, shayi ya huce. Tun daga nan ba su rabu ba. Baba na kiransa Dakta don tsokana, shi kuma yana ce wa Baba Sarkin Allura.

Saura mako uku Babbar Sallah, kwana biyu da tashin su Gwaggo, na kai wa Baba Emeka turmin atamfar da matarsa ta zaɓa, domin shekarar Kirsimetinsu ta zo kusa da sallarmu, suna shirin tafiya gida. Da hantsi ne. Na same shi shi kaɗai a bayan kanta, ƙamshin magani ya cika shagon, ana jiyo 'yan coci suna koyon waƙa a wani gida can baya. Bai ko duba zanen ba. Ya ce in zauna, ya je Fagge jiya, kuma bai ji daɗin yadda ya ga abokinsa ba. Tafin hannunsa ya yi fari, cikin idonsa ya yi fari, da ya miƙe zai raka shi sai da ya dafa bango. Sannan ya ce ya ga wani katan a saman keke, wa ya kawo? Na ce ni ne, ina murmushi. Ya daɗe yana kallona. Sai ya ɗauki turmin ya warware shi a kan kanta, har ya zubo ƙasa.

"Lawan, yadi nawa ne wannan?"

"Shida, Baba Emeka."

"To ƙaramin hanjinka ya kai haka, har da ɗoriya. Duk an naɗe shi a cikin nan naka. Kai ɗan tela ne, kuma mai sayar da zane, za ka gane."

Abin da ya koya mini a wannan hantsi, har yau ina iya ganinsa in na rufe ido. Atamfar shuɗiya ce mai zanen tsuntsaye. Ya ce aikin ciki daga baki yake farawa, haƙori ya niƙa, yawu ya jiƙa. In ka haɗiye, abincin ba faɗawa yake yi kamar dutse a rijiya ba. Hanyar ce ke matsa shi gaba kaɗan-kaɗan, yadda Baba ke tura zariya a cikin ƙubakar wando. Ya tattara bakin zanen ya yi shi kamar 'yar jaka, ya ce ga tumbi. A nan ake zuba wa abinci wani ruwa mai tsami, mai ƙarfin da ke narkar da nama. Na ce to me ya hana shi narkar da tumbin, tunda shi ma nama ne? Ya yi dariya, ya ce ashe ina da kai. Ya ce Allah ya yi wa tumbi shafi daga ciki, kamar shafin babbar riga, wani abu mai yauƙi irin na miyar kuɓewa, shi ke tsare shi. Daga nan ya bi zanen da yatsa. Ya ce in abinci ya fita daga tumbi, hanta na aiko da ɗaci ta matsarmama don ya fasa maiƙo, kamar yadda sabulu ke yi wa kwanon miya. Akwai kuma wani abu kwance a bayan tumbi da ke aiko nasa ruwan, ya faɗi sunansa da Turanci, na manta. Sai tafiya ta miƙe a cikin yadi shidan nan, jiki na tsotse amfanin abincin yana kai wa jini. Abin da ya rage ya shiga babban hanji, a shanye ruwansa, sauran ya fita. In tafiyar ta yi gaggawa, gudawa ke nan. In ta yi nawa, bayan gida ya yi tauri, mutum ya yi ta yunƙuri, daga nan basir na gaskiya ke samuwa. Yana magana, iska na shigowa tana ɗaga zanen, tsuntsayen na motsi, sai na ji kamar akwai wani gari a cikina, da titunansa da ma'aikatansa, ina ɗauke da shi shekara talatin ban taɓa gaishe su ba.

Sai ya koma kan 'yar jakar. Ya ce hodar nan da Baba ke sha, musamman a kan yunwa, cinye shafin take yi. In shafi ya ɓule, ruwan tsamin ya taɓa tsoka, sai gyambo ya fito. Kanwa na kwantar da zafin na ɗan lokaci, shi ya sa Baba ke ganin ta yi magani, amma gyambon na nan yana ci. In ya ci ya kai ga jijiya, jini zai fara zuba a ciki, inda ba mai gani. Ya ce ga yadda ake ganewa. Jinin basir a bakin ƙofa yake, ja wur yake fitowa. Amma jinin da ya zubo daga tumbi sai ya bi duk tsawon turmin nan, ciki ya dafa shi kamar abinci, ya fito baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwaltar da ake zubawa a titi, da wari na daban.

"Na tambaye shi da bakina," in ji Baba Emeka. "Ka san abin da ya ce? Wai, 'Dakta, ashe aikin naku har da leƙen masai?' Ya mai da ni abin dariya. Ni aboki ne, yana iya kore ni da wasa. Kai ba zai iya ba. Ka ɗauke katan ɗin nan yau. Sannan ka tambaye shi launin bayan gidansa. In ya ce baƙi, kada ka jira sallah, kada ka jira ni, ka sa shi a mota."

"Baba Emeka, ni fa ɗan fari ne."

"Na sani. A wurinmu ɗan fari ke ɗaukar uba in ya faɗi. A wurinku ma shi ne. To don me za ka jira sai ya faɗi?"

Na fito na bi ta shataletalen Bata da ƙafa, na manta ma da babur na zo, sai da na koma na ɗauko shi. Duk hanya ina jera kalmomin a raina. Na sa su a gaba, na sa su a baya, na lulluɓe su da ladabi iri-iri, amma ko yaya na juya su, ƙarshensu ɗa ne ke tambayar ubansa abin da ya bari a masai. Da na isa gida na tsaya a ƙofar shago. Baba na duƙe yana ɗinka wuyan wata riga. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba, kamar kullum. Ga katan ɗin a saman kansa. In ɗauke shi a gabansa, daidai yake da in ce masa ni ne babba yanzu. Na tashi na shige ciki. Na yi tunanin Inna, amma Inna ta fi shi nisa. Na yi tunanin uwarku, na ga in na sa ta wannan aika na zalunce ta. Sai na lissafa kwanaki na ce ai Gwaggo na dawowa bayan sallah da kaɗan. Ita za ta tambaye shi tana tsokanarsa, ya faɗa mata yana zaginta, shi ke nan. Na ji sanyi a raina da wannan shawara, domin ta sauke mini nauyi.

Abin da na iya yi kawai shi ne sata. Kullum in Baba ya fita alwala, sai in faɗa shago in dumbuzi takardun hodar in cusa a aljihu, in zubar a kwatar Kwari. Na daina kawo tsire, na koma kawo madara da burodi. Ina gaya wa kaina cewa ina ƙoƙari. Amma katan ne, ba ya ƙarewa, aikin sallah kuma ya taso, Baba na sha fiye da da. Sau biyu Baba Emeka ya biyo ta rumfata yana tambaya ko na yi. Na farko na ce ina neman lokacin da ya dace. Na biyu na hango shi daga nesa, na ɓuya a bayan dila, na sa maƙwabcina ya ce na fita. Wannan ma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ana jibi sallah suka shiga mota suka tafi gabas.

Ranar sallah, bayan an sauko daga idi, aka kayar da rago a tsakar gida. Ni na saye shi, fari ƙato, irin wanda ba a taɓa yankawa a gidanmu ba. Baba ya ɗauki wuƙa, ya sunkuya, sai na ga ya tsaya, gumi na tsattsafo masa a goshi alhali garin da sanyi. Ya miƙo wuƙar gefena ba tare da ya dube ni ba, ya ce wa Inna a gaya wa wannan ya yanka, hannunsa ya gaji da almakashi. Na yanka. Da aka feɗe, mata suka tafi hura wuta, aka bar ni da kayan ciki a cikin daro. Baba ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba. Rana ta faɗo cikin daron, komai na sheƙi. Ga hanta, ga matsarmama 'yar koriya a jikinta, ga hanji ina jawowa yana ta zuwa ba ya ƙarewa, kamar ina auna wa mai ciniki yadi. Duk abin da aka nuna mini a kan atamfa ga shi a hannuna, da ɗuminsa. Na tsaga tumbin na wanke, na juya cikinsa waje. Baba ya miƙo yatsa ya shafa shi a hankali, yadda yake shafa yadi mai tsada.

"Tas da shi," ya ce. "Ko tabo babu."

Na ce haka ne. Can sai ya ce, yana kallon daron:

"Ko na mutum ma haka yake?"

Ku duba fa. Shekara talatin bai taɓa yi mini tambaya kai tsaye ba sai ranar. Ya buɗe mini ƙofa da hannunsa, ya tsaya a bakinta. Ina da amsar, an koya mini ita da yadi da zariya. Na ji muryar Inna tana neman a miƙo hanta, na ji kunya ta rufe ni kamar an jefa mini bargo. Na ce:

"Allah ne masani, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya dafa gwiwa ya tashi, ya shiga ɗaki. Ranar ko naman bai taɓa ba.

Kwana uku bayan sallah, da hantsi, ina buɗe rumfa aka zo aka ce in yi maza gida. Na tarar kekunan layinmu duk sun yi tsit. Baba na kwance a ƙasan shago, maƙwabta sun tallafe kansa. Ya yi amai a kan farar shaddar da yake ɗinkawa, baƙi-baƙi kamar an jiƙa garin gawayi, da gudajin jini a ciki. Na ɗauke shi da hannuna na sa a tasi. Ban san ya zama marar nauyi haka ba, domin rabon da in taɓa jikinsa tun ina yaro. A asibiti likita ya yi masa tambayar nan, ita dai, a gabana, ba tare da wani kewaye-kewaye ba. Baba ya rufe ido ya ce baƙi ne. Likita ya ce tun yaushe? Ya ce ya fi wata guda. Aka ɗebi jinina aka ƙara masa, aka ɗebi na maƙwabta biyu. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu. Suka ce sai ya ɗan yi ƙarfi kafin a iya yi masa aiki.

Washegari da la'asar ya farfaɗo sosai, har muka sa rai. Inna ta fita yin salla, aka bar mu mu biyu. Hasken yamma ya shigo ta taga ya kwanta a kan zanen gadon, ina jin kukan tattabaru a kan rufi. Ina zaune a ƙasa, kaina a sunkuye. Sai na ji an ce:

"Lawan."

Na ɗaga kai ina neman wanda ya shigo. Babu kowa. Ashe haka sunana yake a bakinsa.

"Na ga kana kwasar hodar nan," ya ce. "Tela ya san abin da ke kan kantarsa. Na ce lalle Dakta ya gaya maka wani abu. Na yi ta jira ka faɗa."

"Kunya na ji, Baba."

"Ni ma ita na ji. Ga tsoro kuma. Da ka tambaya, da na faɗa maka."

Bai faɗe ta da zargi ba. Kamar yana ba ni labarin wasu mutane biyu ne da ya sani. Ya ce in gyara masa matashi, na gyara. Ya ce shaddar da ya ɓata ta wani malamin makaranta ce, in saya masa wata, in ba shi haƙuri. Da safe jinin ya sake ɓallewa, kafin azahar Allah ya karɓi abinsa.

Gwaggo ta sauka bayan kwana tara, da haƙorin Makka da tsarabar carbi da ta sayo wa yayanta. Ban iya gaya mata cewa ita nake jira ba. Baba Emeka ya dawo bayan sabuwar shekara, ya zo ya zauna a shagon, a kan bencin da ya saba zama, ya yi kuka kamar yaro. Bai tambaye ni komai ba. Ya dubi saman kanta, inda ragowar katan ɗin take, ya dube ni, ya tashi ya ɗauke shi ya fita da shi a hammata. Har ya bar duniya muna gaisawa, yana zuwa sunan 'ya'yana, matarsa na sayen zane a wurina, amma bai ƙara warware turmi a gabana ba.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Ban ce da na tambaya lalle da ya rayu ba. Abin da na sani shi ne an ba ni aiki guda, mai sauƙi, na kalmomi kaɗan, na ƙi yi. Har yanzu in na kishingiɗa bayan azahar, wani lokaci na kan ga shuɗiyar atamfar nan an shimfiɗa ta tun daga Sabon Gari, ta bi ta Bata, ta ratsa Kwari, ta shiga layinmu har ƙofar shago. Ina tafiya a kanta ba takalmi, tsuntsayen na tashi daga ƙarƙashin ƙafata. Ina jiyo keken Baba a can ƙarshe. Ba na jin tsoro a mafarkin, daɗi ma nake ji, domin na san abin da zan faɗa in na isa. Sai dai kullum kafin in isa ake kiran la'asar.

Yanzu ni ma ga ni da nawa cikin. Ƙwannafi ya fara taso mini, likita ya duba ya ce gyambo ne ƙarami. Ya ce a zamanin nan an gano har da wata ƙwayar cuta da ke haddasa shi, kuma akwai maganin da ke kashe ta, abin da su Baba Emeka ba su sani ba a lokacinsu. Ya hana ni maganin ciwon jiki barkatai, ya ce in riƙa lura da abin da ke fita. Ina sha, ina lura. Amma na lura da wani abu kuma. Babban ɗana, wanda na sa wa sunan Baba, wanda kuke kira Abba, in ya zo ranar Juma'a sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ya gaishe ni, ya ajiye ledar kayan marmari da madara, ya tashi. Ni kuma in amsa ina kallon carbi. Shekara arba'in da wani abu ban kira sunansa ba. Rannan na ga ya tsaya yana kallon kwalaben maganin da ke kan tagata, bakinsa ya motsa, sannan ya ce a tashi lafiya.

Kunya ado ce, ban ce ku yar da ita ba. Ku ji kunyata a kan komai, ban da abin da ke cikina. Wannan roƙon nake yi muku duka, ku kuma yi wa 'ya'yanku shi tun kuna da ƙarfi.

Sulaimanu, ga shi na rubuta sunanka da hannuna. In ka zo Juma'ar nan, kada ka tsaya a bakin ƙofa. Ka shigo, ka jawo kujera kusa da ni, ka tambaye ni. Zan faɗa maka.